Jan Keji

Shekara ashirin da shida na yi ina kiwon sauro. Ku yi dariyarku, ba ku ne farau ba. Surukina har ya koma ga Allah bai yarda cewa aiki ne ba. A Sashen Nazarin Halittu na jami'armu, in ka bi baranda har ƙarshe ka wuce ɗakin wanke kwalabe, za ka tarar da wani ɗaki mai ƙofa biyu da labulen raga a tsakaninsu. Nan na tsufa. Ɗalibai suna kirana Baban Sauro, malamai ma haka, har Farfesa shugaban sashen, wanda ba na jin ya san sunana na gaskiya sai in ya gani a takarda.

Aikin ba wuya gare shi ba, naci yake so. Ka zo da sassafe ka duba ma'aunin zafi, ka rubuta. Ka canja ruwan tire-tiren da 'ya'yan sauro ke iyo a ciki, ka barbaɗa musu garin abincin kifi ɗan kaɗan, don in ya yi yawa ruwan ruɓewa yake yi. Ka sa wa manyan auduga da ruwan sukari. Sau biyu a mako matan suna bukatar jini kafin su yi ƙwai, ni kuwa nawa nake ba su: in ɗora damtse a kan raga, in yi minti goma ina kallon bango. Duk abin da aka yi sai ya shiga babban littafi mai baƙin bango, da kwanan wata da sa hannu. Ba yabon kai ba, littafin nan har baƙi ake kawowa su gani.

Sauro iri biyu muke da su. Na kejin da aka liƙa wa farin tef 'yan gata ne, ko warin maganin feshi suka ji sai su zube. Na kejin jan tef kuwa masu taurin kai ne, ka kwantar da su a kan magani awa guda su tashi su karkaɗe fuka-fuki. Farfesa ne ya kamo kakanninsu a gonakin shinkafa shekara goma sha tara da suka wuce, tun yana ƙaramin malami mai babur. A kansu ya zama dakta, a kansu ya zama farfesa, a kansu sashen ya yi suna. Dokar ɗakin guda ɗaya ce babba: fari da ja ba sa haɗuwa. Kowanne da ɓangarensa, da tirensa, da bututun da ake zuƙo shi da shi. Na taɓa korar wani malami mai digiri uku daga ɗakin saboda ya ɗauki cokalin ja ya tsoma a tiren fari, ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwata.

Ana nan sai aka kawo mini Sau-Biyu. Ni na sa mata sunan, don ban taɓa ganin ta ƙirga abu sau ɗaya ta yarda ba. Ɗalibar digiri na biyu ce, 'yar siririya, ba ta da yawan magana, kullum da fensir a bayan kunne. Farar rigarta ta gwaji tana da aljihu huɗu maimakon biyu. Na tsokane ta a kai, ta ce babanta tela ne, shi ya ɗinka mata, ya ce ai mai bincike ba ya rasa tarkace.

"To Allah ya sa kada sauron su ɓuya a aljihun," na ce.

"In sun ɓuya zan ƙirga su, Baba," ta ce, ko murmushi ba ta yi ba.

Na ga ɗalibai iri-iri a ɗakin nan. Akwai masu zuwa ranar ƙarshe su ce in taimaka musu da lambobi. Akwai masu jin ƙyamar tire. Ita kuwa har wanke-wanke take taya ni. Tunaninta shi ne, akwai wata ciyawa mai ɗaci da ke fitowa a bayan katangar sashen, tana zaton ruwan da aka tace daga ganyenta zai karya taurin kan jan keji, maganin feshi ya koma yana kashe su. Gwajin kuwa a bayyane yake: a zuƙo sauro ashirin da biyar a sa a bututu mai takardar da aka jiƙa da maganin feshi a ciki, su yi awa ɗaya, a mayar da su bututu mai tsabta, washegari a ƙirga gawa.

A zangon farko ta gwada jan keji da magani kaɗai, ba ruwan ganye. A cikin ɗari, sha ɗaya suka mutu. Ta so ta riƙa maimaita wannan duk lokacin da za ta yi gwajin ganyen, a jera su gefe da gefe, kamar yadda ake koyarwa. Amma takardun maganin daga waje suke zuwa, sau ɗaya a shekara, suna kulle a firijin ofishin Farfesa, kuma da hannunsa yake ba da su. A gabana ya ce mata, "Kada ki ƙona mini takarda a kan abin da muka sani shekara goma sha tara. Jan keji jan keji ne. Kin yi sau ɗaya, ya isa." Daga nan ta koma ɗakin sinadarai wata huɗu tana tatsar ganyenta, sai dai ta leƙo mu gaisa.

A cikin wata huɗun nan ne aka yi dogon hutu na kwana huɗu, kuma a ranar farkonsa aka kwantar da matata asibiti, aka ce tiyata. Ban nemi izini ba. Na san abin da Farfesa zai ce: wa zai kula da ɗakin? Na cika musu auduga, na duba na'urar sanyaya ɗaki, na ce kwana ɗaya ba zai kashe kowa ba. Kwana ɗaya ya zama uku, don jini ya ƙi tsayawa, kuma yaranmu duk suna nesa. Ban yi nadamar zaman nan ba har gobe, wannan ku sani.

Ranar da na dawo, tun daga ƙofar farko na ji zafin ya buge ni a fuska. Wuta ta katse a akwatin lantarkin ɗakin, na'urar ta mutu, Allah kaɗai ya san tun yaushe. Ɓangaren fari yana kusa da famfo, ya sha wuya amma ya rayu. Ɓangaren ja kuwa yana jikin bangon da rana ke duka tun azahar. Na leƙa kejin na ga ƙasansa baƙi ƙirin da gawa, tire-tiren sun bushe sun yi ɓawo. Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, na zauna a kan bokiti. Da na ƙirga masu motsi, talatin da bakwai ne, mata tara a cikinsu, su ma a galabaice.

Wanda bai yi aikin nan ba ba zai gane abin da na yi ba. A wurin mai kiwon ƙwari, mutuwar keji ita ce kunyar da ba ta wankuwa. Ko'ina aka je taro sai Farfesa ya ce, "Shekara goma sha tara ba mu taɓa rasa su ba," ya nuna ni da baki. Saura mini wata goma sha huɗu in yi ritaya. Na bar aiki kwana uku ba izini. Mata tara ba za su tayar da keji ba, na sani. Sai na tashi na je ɓangaren fari, na ɗauko takardun da sauron suka yi ƙwai a kai guda biyu, jiƙaƙƙu, na tsallaka layin da ni na ja shi da fenti a ƙasa, na sa su a tiren ja. Na gaya wa kaina ciko ne kawai: in sun haɗu sun hayayyafa, sai in riƙa tace su da magani a hankali, raunanan su mutu, masu taurin kai su dawo. Ban tsaya na tuna cewa takardun maganin suna firijin Farfesa ba, kuma ba zan iya roƙon ko ɗaya ba sai na faɗi dalili. Na share gawa, na ɗaga wutar, na buɗe littafi. A layin kwana ukun nan na rubuta zafi daidai, abinci daidai, na sa hannu sau uku da biro iri ɗaya.

Cikin wata biyu jan keji ya cika maƙil, yana kuka kamar da. Da ido ba ka bambanta su, sauro sauro ne. Ni kaina na fara mantawa.

Sau-Biyu ta dawo da kwalabenta. Ta yi gwajin farko da ruwan ganye, washegari ta ƙirga, ta sake ƙirgawa, ta kira ni da wata irin murya.

"Baba, zo ka ƙirga mini. Idona ne ko me?"

A cikin ɗari, tamanin da takwas sun mutu. Na tsaya da bututun a hannu. Wallahi a wannan minti na san ba ganyenta ba ne. Amma zuciya ba ta da kunya. Nan take ta ce mini, wa ya sani, wataƙila ganyen ma yana aiki. Na ce mata, "Ma sha Allah, 'yata." Ta maimaita sau shida cikin wata uku, kullum lambar sai ta ƙara hawa, har ta kai casa'in da biyar. Ita tana ganin ta ƙware a tace ganye ne. Ni na san jinin farin keji ne yake ƙara cinye na ja.

Farfesa ya zama wani mutum daban. Mutumin da sai ya yi wata bai taka ɗakina ba, ya koma zuwa kullum, yana dafa kafaɗata. Ya rubuta takardar bincike da sunansa a gaba, nata a baya. Da jami'a ta nemi sunayen ɗaliban da suka yi fice a bincike, ya tura nata, ta zo ta ɗaya a duk tsangayar kimiyya. Aka liƙa hotonta a allon sanarwa na bakin ƙofa, da labarin cewa za a ba ta lambar yabo a babban ɗakin taro nan da mako uku, kuma za a tura ta waje ta yi digiri na uku. Ɗalibai suka riƙa tsayawa suna ɗaukar hoto da hoton.

Kwana biyu da liƙa sanarwar, da hantsi, ta shigo da wani dattijo mai gilashi ɗaure da zare. Babanta ne. Ya tsaya a ƙofa ta biyu yana tsoron taɓa komai, ya riƙe hannuna da hannayensa biyu ya ƙi saki.

"Malam, kullum a gida sai an ambace ka. Ta ce kai ne ubanta na nan. Ni allura na sani, ban san me take yi ba, amma na san an riƙe mini ita da amana."

Ya miƙo mini leda. Farar rigar gwaji ce, sabuwa fil, mai aljihu huɗu. Ya ce da ido ta auna masa ni, in ba ta yi daidai ba in dawo da ita ya gyara. Na gwada, ta zauna mini cif. Na yi godiya, na raka shi har bakin titi, na dawo na rataye ta a ƙusa bayan ƙofa. Ranar ban iya cin abincin rana ba.

Da wata ce, da shi ke nan, ta karɓi lambarta ta hau jirgi. Amma Sau-Biyu ce. An ce manyan baƙi za su zagaya sashen ranar bikin, Farfesa ya ba ta takardun magani guda huɗu ta shirya abin nunawa. Sai ta raba su biyu, ba ta gaya wa kowa ba: biyu da ruwan ganye, biyu babu, daga jan keji duka, irin yadda ta so yi tun farko. Washegari na shigo na same ta zaune a kan bokitin nan nawa, bututu huɗu a jere a gabanta.

"Baba, duk sun mutu."

"To ai haka ake so."

"Har waɗanda ban sa wa ganye ba." Ta ɗago ta dube ni, idonta a bushe. "Ganyena bai yi komai ba, Baba. Me na yi ba daidai ba? Ko na haɗa bututun zuƙa ne wata rana ban sani ba? Ka taɓa ganin na haɗa?"

"Ban taɓa gani ba."

"Ba ni littafi."

Na ba ta. Ta zauna tun safe har la'asar tana bin sa layi-layi da fensir, shekara guda cur. Ina wanke tire ina jin ƙarar shafi. Na san lokacin da ta iso hutun nan, don na san kaurin takardun da ke hannun hagunta. Ta bi layi ukun, ta wuce. Da ta kai ƙarshe ta koma farko, ta sake bi. Sannan ta rufe ta ce, "Littafinka lafiya yake. Daga wurina ne."

Na ce mata ta yi shiru tukuna, ta karɓi lambarta, in ta je can ta bincika a natse. Da bakina na faɗi haka, ina ganin taimakonta nake yi. Ta dube ni kamar na yi mata wani yare.

"Baba, kai ne fa ka kori malami a kan cokali."

Ta kwashi bututunta ta nufi ofishin Farfesa. Daga ƙarshen baranda ina jin muryarsa.

Da yamma ya zo ɗakina, ya rufe ƙofa biyun. Ya tsaya gaban jan keji ya daɗe yana kallo, hannayensa a baya. Mutum ne mai ilimi, kada ku raina shi. Na tabbata duk abin da ake iya lissafawa ya lissafa. Takardun binciken da ya wallafa sun fi talatin a kan kejin nan, ga ɗalibai uku na digiri na uku suna kan aiki da shi.

"Baban Sauro, kejin nan lafiya yake," ya ce. Ba tambaya ba ce, ko muryarsa bai ɗaga a ƙarshe ba.

"Ranka ya daɗe, ga littafi nan."

"Madalla. Yarinyar nan tana da makulli. Ɓangare biyun duk tana shiga." Ya juya ya fita.

A gida matata ta lura. Tana zaune a kan tabarma tana tsince shinkafa, har lokacin ba ta iya sunkuyawa sosai saboda ɗinkin. Ta ce, "Malam, wai me ke cin ka? Kwana uku kana tauna abinci kamar magani." Na ce aiki ne. Ta ce, "Sauron ne suka yi maka yaji?" ta yi dariya har ta riƙe ciki. Na so in gaya mata. Amma in na faɗa, za ta lissafa kwanakin, ta gane a bakin gadonta abin ya faru, ta ɗora wa kanta. Wannan ma wani dalili ne da na samu na ƙara a kan sauran, kuma na ji daɗin samunsa.

Aka kafa kwamiti, mutum uku: wani malamin shari'a, wata malamar lissafi, da sakatare daga ofishin rajistara. Babu wanda ya taɓa riƙe bututun zuƙa a cikinsu. Aka zauna a ƙaramin ɗakin taro na sashen, mai fanka mai ƙara. Farfesa ya yi bayani a natse, da tausayi ma: matasa suna son sakamako da wuri, farin keji yana taku biyar daga ja, wanda ya zuƙo fari ya rubuta ja zai samu lambobi masu kyau. Ya ce wataƙila da ta ga baƙi za su zo, tsoro ya kama ta, ta nemi ta riga kowa magana.

Sau-Biyu ta miƙe. Maganarta ba ta karkace ba. Ta ce ita ta kawo ƙarar kanta, wanda ya yi maguɗi ba ya haka. Ta ce a ɗebo daga jan keji yanzu, a gaban kowa, wani ya zuƙo ba ita ba, a gwada. Farfesa ya ce takardun magani sun ƙare sai sabuwar shekara, kuma ko an gwada, wanda ya yi shekara guda da makulli a hannu, duk abin da aka tarar a kejin ai an san hannun da ya bi ta kai.

Malamar lissafi ce ta ce a kira ni. Na shiga da littafi a hammata. Ta karɓa ta buɗe, ta ce kai, ita ko ɗalibanta ba sa rubutu haka. Sannan ta cire gilashi ta dube ni.

"Baba, kai ne kullum a ɗakin. A shekarar nan, akwai wani abu da ya taɓa samun jan keji? Ko ƙarami ne, ko wanda ba a rubuta ba?"

Har ta buɗe mini ƙofa, Allah ya saka mata. Fankar tana ta ƙara. Sau-Biyu tana kallona, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne ba kallon roƙo ba ne, kallon wanda ya ga nasa ya shigo ne. Na tuna wata goma sha huɗun, da yanzu suka koma biyar. Na tuna yadda za a karanta takardar kora a gaban masinjoji.

"Hajiya, duk abin da ya faru yana cikin littafi," na ce.

"Ka taɓa ganin ta ɗebo daga farin keji ta sa a gwajin ja?"

"Ban taɓa gani ba. Yarinya ce mai kula."

"Amma ba kullum idonka yake kanta ba," in ji malamin shari'a.

"Ba kullum ba."

Sakatare ya rubuta. Aka ce na iya tafiya. Duka-duka bai kai minti biyar ba.

Ba su ce ta yi maguɗi ba, sun ce ba a iya tabbatar da sahihancin sakamakonta ba, wanda a jami'a duk ɗaya ne. Aka janye lambar, aka janye tafiyar, aka soke kundinta, aka ce in tana so ta sake sabon bincike daga farko a wani sashen, in akwai mai karɓarta. Babu wanda ya karɓa. Masinja ya cire hotonta daga allo, ya bar ƙusoshi huɗu da ɗan yagaggen kusurwa. Ɗaliban da suka ɗauki hoto da hoton suka koma cewa dama su sun san ruwan ciyawa ba zai yi wannan ba.

Sashen bai so a yi biki ba sunansa a ciki. Kwana huɗu kafin ranar, Farfesa ya aiko mini da takarda: an zaɓe ni ma'aikacin ɗakin gwaji mafi ƙwazo, saboda shekara goma sha tara na riƙon jan keji ba tare da asara ba, da kuma littafin da ya taimaka wa kwamiti wajen gano gaskiya. Haka aka rubuta, gano gaskiya. Matata ta yi guɗa har maƙwabta suka leƙo. Ranar bikin ta biyo ni sashen, ta ga tsohuwar rigata duk tabon sukari da tsatsa, ta ce wallahi ba zan hau dandamali da wannan tsumma ba, alhali ga sabuwa a rataye. Ta ciro ta daga ƙusa da kanta, ta karkaɗe, ta sa mini, ta gyara wuyan. Da ita na hau. Shugaban jami'a ya miƙo mini allon katako mai rubutun zinariya, aka tafa, mai hoto ya ce in yi murmushi, na yi.

Bayan mako guda ta zo mayar da makulli. Da safe ne, ina ba wa jan keji jini, hannuna a kan raga, ba halin in tashi. Ba ta sa farar riga ba. Ta ajiye makullin a kan tebur, ta ajiye wani littafi mai shuɗin bango a gefensa.

"Littafin gwajina ne, Baba. Ka ajiye. Na bi shi ya fi sau ashirin ban ga inda na kuskure ba. Wataƙila wata rana wani mai ido ya gani, kada wani ya sake faɗawa."

"Ina za ki yanzu?"

"Shagon babana. Idonsa ya yi rauni, ni nake zura masa zare. Ya ce in gaishe ka. Ya ga hotonka da rigar, ya ji daɗi."

Na ce ina amsawa. Sauron suna ta sha, ina jin kowane baki.

Ta kai ƙofar ciki, ta ɗaga labulen raga, sai ta juyo. A nan ne idonta ya kawo ruwa, karo na farko tun da aka fara abin nan.

"Baba, kowa sai da ya tambaye ni ko na yi. Ƙawayena, malamai, har mamata ta ja ni ɗaki ta tambaye ni. Kai kaɗai ne ba ka taɓa tambayata ba. Ba zan manta maka wannan ba."

Minti goman bai cika ba. Da na cire hannuna a lokacin na bi ta, da na same ta kafin ta kai ƙarshen baranda. Na zauna ina kallon agogo har ya cika, don in aka katse musu ci ba sa yin ƙwai da kyau. Abin da na ce mata kawai shi ne Allah ya kiyaye hanya, shi ma ban tabbata ta ji ba.

Takardun magani sun iso a sabuwar shekara, kwali biyu. Farfesa bai gwada jan keji ba, ni ma ban tuna masa ba. Littafinta yana cikin durowata ta ƙasa, a ƙarƙashin allon yabon, don ban iya rataye shi ba.

Saura mako uku in ajiye aiki, Farfesa ya turo sabon ɗalibin digiri na biyu, wani dogo mai fara'a, ya ce a nuna masa ɗaki. Shi ma wai wani ɓawon itace zai gwada. Na nuna masa tire, na nuna masa layin fenti a ƙasa, na karanta masa doka: fari da ja ba sa haɗuwa. Ya sunkuya gaban jan keji yana murna, ya ce tun yana aji biyu yake karanta labarinsu.

"Baba, waɗannan ne masu taurin kan?"

"Su ne," na ce, na miƙa masa makulli.